Fuskar yaron da ba ta fito ba a zanen Monet

Malama, kin tambaya ko Monet, mai zane ɗan Faransa, bai gama zanensa na gonar jajayen furanni na 1873 ba, tunda fuskar yaron da ke cikin zanen ba ta fito ba. Ya gama tsaf. Shi da abokansa a Faransa a fili suke yawan zane, rana kuwa ba ta jiran kowa, shi ya sa yake ɗiga fenti da sauri, ja a kan kore, ba ya gauraya su sosai. Ki ja baya kaɗan, ɗigon nan za su zama furanni, ga yaro ciyawa ta kusa shanye shi. Ni wannan ne ya fi taɓa ni. Ki nemi zanen Mary Cassatt, mai zane 'yar Amurka, na 1884 kuma: yara mata biyu a bakin teku, wasan yashi ya ɗauke musu hankali, ko kallon mai zane ba sa yi.