Kawu, ga bayanin kwale-kwalen da kuka gani a hoto

Assalamu alaikum Kawu, Allah ya ƙara girma da lafiya. Na saurari saƙon muryar da kuka turo har sau biyu, in na fahimta daidai tambayoyin biyu ne, ta farko me kwale-kwale yake yi a gidan da babu kogi babu tafki, ta biyu kuma wadda na ji ta fi damunku, wai don me za a kira abin wasan yara jirgin 'yan fashi, ko fashin muke koya musu. Zan amsa duka amma ku yi haƙuri zancen zai ɗan yi tsawo.

Wurin da kuka gani ɗin ba tsakar gida ba ne irin wanda muka sani. Gidajen nan Amurka gini ne a gaba, sai wani fili mai ciyawa ta baya da aka zagaye da shingen katako, su bakyad suke ce masa mu ma haka muke cewa, don in aka ce bayan gida wani abu daban za a fahimta. To wannan ɗan filin shi ne kusan duk duniyar yaro a nan. Ɗan shekara biyar ko shida ba ya fita layi shi kaɗai, in maƙwabci ya hango shi yana yawo ba babba zai iya kiran 'yan sanda ko ma'aikatan kula da yara, kuma su in sun zo ba da wasa suke zuwa ba. Ga motoci, ga kowa ƙofarsa a rufe. Sai yaro ya dawo daga makaranta ya zube gaban talabijin ko ya riƙe waya har dare, jiki ya mutu, baki ya mutu, Hausar ma ta fara gudu. Shekarata 16 a jihar North Carolina, na ga yaran mutanenmu da suka tashi haka kuma wallahi abin yana ci mini rai. Shi ya sa duk wanda Allah ya hore wa gida mai fili a cikinmu za ku ga ya kafa wani abu, wani lilo, wani ɗan ɗakin katako, ni kuma jirgi ya faɗo mini.

Kuma ba mu muka fara ba. Tun 1943 a unguwar Emdrup da ke Kofanhegan ta Denmak aka buɗe filin wasa na tarkace, wani mai tsara lambuna Sørensen shi ya kawo shawarar bayan ya lura yara sun fi son wasa a wurin gini da cikin tarkacen katako a kan filin da aka gyara musu tsaf. A Landan ma filin wasan da aka buɗe a 2000 don tunawa da Gimbiya Diana, babban jirgin 'yan fashi na katako aka kafa a tsakiyarsa.

Jirgin namu tsohon na kamun kifi ne, tsawonsa ƙafa 14, ya daɗe kife a gidan wani dattijo kusa da bakin teku, ya daina shiga ruwa don katakon ƙasansa ya fara ɗiga. A yankunan bakin ruwa irin waɗannan sun zama wa masu su kaya, sau da yawa in dai za ka zo da tirela ka ɗauke shi ke nan. Kafin na yarda sai da na ɗauki sukundireba na bi haƙarƙarin jirgin ɗaya bayan ɗaya ina dannawa, inda katako yake da rai sai ka ji ya tokare ka, inda ya ruɓe kuwa ƙarfen shigewa yake kamar cikin soso ya fito da baƙin gari mai danshi. Haƙarƙari uku ne suka mutu ta baya, amma ƙashin bayan jirgin, wato dogon katakon nan da ya ratsa ƙasa daga kai zuwa gindi, lafiyarsa ƙalau, shi ne ma ya sa na ɗauka. In shi ya ruɓe a haƙura kawai.

Inda aikin yake na gaske Kawu shi ne fenti, kuma a nan ne nake yawan yi wa 'yan'uwa faɗa don wasu gaggawa suke yi. Gwamnatin Amurka ta hana sa dalma a fentin gidaje da na kayan wasan yara tun 1978, amma dokar ba ta haɗa da fentin jiragen ruwa ba, saboda haka tsohon jirgi zai iya ɗauke da ita ko da an yi shi bayan shekarar. Dattijon ya ce mini babu komai a fentinsa kuma na yarda iya saninsa ya faɗa, duk da haka na ɓantari 'yan ɓawon fentin daga wurare huɗu na aika ɗakin gwaji, sakamako ya dawo akwai dalma a jan fentin da ke can ƙarƙashi. Gubar dalma ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa kuma ba ta gyaruwa, yaro kuwa hannu a baki yake. Ga shi kuma fentin da ake shafa wa ƙasan jirgi ta waje don hana tsiro da ƙananan halittun ruwa maƙalewa, shi da gangan aka sa masa guba, yawanci ta jan ƙarfe. Don haka ba a goge irin wannan da sanfefa a bushe, ƙurar ce mugun abin. Mu tun kafin jirgin ya shigo gida muka kai wa masu aikin suka kankare shi har sai da farin katako ya fito, nan ne ma kuɗi ya fi tafiya, ya fi duk sauran aikin tsada, kuma ban yi da-na-sani ba.

Haka katakon ƙari. Wanda aka jiƙa da magani don kada ya ruɓe, na kafin 2004 yawanci akwai gubar asanik a cikinsa, daga ƙarshen 2003 aka daina yinsa don amfanin gidaje. Tsohon katako mai ɗan kore-kore da ba ka san asalinsa ba kada ka sa wa yara, kada kuma ka ƙona shi.

Ranar da za a kafa shi gayya muka yi, don a nan ma ba mu bar wannan ba. Asabar bayan azahar magidanta shida suka zo, ɗaya kafinta ne na gaske shi ya ja ragama. Kwana uku kafin nan na kira 811, lambar da ake kira kyauta kafin a haƙa rami, suka zo suka fesa launi a ciyawa suka nuna inda bututun gas da wayar wuta suka bi. Muka haƙa ɗan kwari muka zuba tsakuwa, muka zaunar da jirgin a kan gammon katako guda uku aka ɗaure da noti a turakun da muka kafa da siminti, don abin da cikinsa yake a gantsare in ba a danne shi ba yara biyar suka koma gefe ɗaya zai kife musu. Wani kuskure na yi a nan, ƙofofin da na huda a ƙasa don ruwa ya fita sun yi kaɗan, ruwan sama na farko ganye ya toshe su jirgin ya cika har idon sawu, cikin 'yan kwanaki sai ga 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil. Na dawo na ƙara manyan ƙofofi a kowane lungu tsakanin haƙarƙari, tun daga nan bai sake riƙe ruwa ba.

Sauran kuma akwai ƙa'idojin da hukumar kula da ingancin kayan masarufi ta ƙasar ta fitar, muka bi su. Duk wata kafa tsakanin katako biyu ko dai ta gaza inci uku da rabi ko ta wuce inci 9, don a tsakanin nan ne jikin yaro ke zurarewa kai ya maƙale. Ɗan benen da muka yi ta baya inda sitiyari yake an sa masa makari ta kowane gefe. Ƙasa kuma an zuba gutsattsarin katako kaurin inci 9 har ƙafa 6 daga jikin jirgin. Igiya ita ce na fi tsoro, duk wadda ke jikinsa a ɗaure take sama da ƙasa tam, babu mai lilo da za ta iya naɗe wuya. Unguwarmu tana da ƙungiyar masu gidaje, sai da na kai musu zane suka sa hannu, suka ce a rage tsawon sandar tsakiya kada ta zarce shinge tsawo sosai, na rage.

To sai maganar fashi. Gaskiyarku Kawu, kuma mu ma nan mun yi wannan gardamar a tsakaninmu, har yanzu ba mu zama baki ɗaya ba. Su mutanen ƙasar ɗan fashin teku ya zama musu kamar dodon tatsuniya, mai hula da ido ɗaya a rufe da taswirar dukiya, yaro ɗan shekara huɗu ba ya haɗa shi da kisa ko kaɗan. Wasu daga cikinmu suka ce ai wasa ne a bar yara, wasu kuma suka ce kalmar fashi ba ta wasa ba ce a kunnen wanda ya san ta, kuma ni ina cikin waɗannan. Abin da ya ƙara tsayar da ni, na kai yaran gidan tarihin jiragen ruwa da ke Beaufort a jiharmu, inda aka ajiye kayan da aka tsamo daga jirgin Blackbeard, shahararren ɗan fashin nan da aka kashe kusa da tsibirin Ocracoke a Nuwamban 1718. A 1996 aka gano ɓaraguzan jirgin a ƙarƙashin ruwa. To shi wannan jirgi kafin ya ƙwace shi a 1717 na Faransawa ne, sunansa La Concorde, kuma bayi ya ɗauko daga Wida a Jamhuriyar Benin ta yanzu, ɗaruruwan mutane a ɗaure a cikinsa. Babban ɗana yana da shekara tara lokacin, ya tsaya gaban gilashin ya daɗe bai ce komai ba, a mota yake tambayata ko akwai yara a cikinsu. Na ce masa akwai.

Saboda haka namu jirgin babu tutar ƙoƙon kai da ƙasusuwa, babu takobin roba babu bindiga. Tutar da kuka gani shuɗiya yaran ne suka zana da kansu, kifi ne da tauraro. Yaran maƙwabta in sun zo jirgin 'yan fashi suke ce masa kuma ba na hana su, nawa ma wani lokaci bakinsu yana suɓucewa, amma wasan da ake yi a ciki na tafiya ne da neman tsibiri da ceto wanda ya faɗa ruwa. Akwai gida biyu cikin mutanenmu da suka sa baƙar tutar a nasu, ba mu yi faɗa ba, na dai gaya musu ra'ayina.

Doka ɗaya muka kafa wadda duk iyayen suka amince, duk wanda ya hau jirgi Hausa zai yi. Ranar Lahadi in an taso daga Islamiyya yara kusan goma ke taruwa, iyaye mata suna zaune daga gefe suna kallo. Makon jiya da la'asar sakaliya ina tsaye ta taga, ƙaramar tawa mai shekara biyar wadda da ƙyar take haɗa jimla ɗaya da Hausa ta riƙe sitiyari da hannu biyu ta miƙe a kan 'yan yatsu, tana ƙwala wa yayanta kira wai ja igiya hadari ya taso, ku riƙe da kyau. Ban san inda ta ji hadari ya taso ba, wataƙila a bakin uwarta, na dai tsaya a wurin har aka kira magariba a wayata.

Yanzu sanyi ya kusa, sati mai zuwa in sha Allahu zan sake bin notocin in ɗaure waɗanda suka saki, in shafa wa katakon mai sannan in rufe shi da tampol ta yadda iska za ta riƙa shiga ta ƙasa. Zan ɗauko muku bidiyo kafin in rufe don ku ga cikinsa sosai. A gaida su Inna da duk mutanen gida, yaran ma suna gaishe ku.