Ki durƙusa mishi ko shi ya sara miki? Amsar kawunki

Ɗiyata, na ga saƙonki tun shekaranjiya, ban amsa ba don ba magana ce ta tsaye-tsaye ba, na so in yi miki vokal sai na ga in na hwara ba ni gamawa, shi ya sa na zamna bayan isha'i ina dannawa da yatsa guda, in kin ga kuskure ki yi haƙuri idon ya tsufa.

Abin da na gane cikin tambayarki, an ba ki riƙon wani sashe a komisariya, cikin mutanen da ke ƙarƙashinki akwai dattijon birgadiyen nan na unguwar Bagalam abokin marigayi babanki, wanda ya ci goron sunanki, kullum da sahe shi ka ƙamewa ya sara miki ke kuma ƙahwarki na so ta kai ƙasa. Kuma kin ce a wurin horo an koya muku shugabancin da ake shawara da na ƙasa, a zamna da su a ji ta bakinsu, har anka kawo muku zancen Robert Peel da ya kahwa ƴan sandan Landan a 1829 bisa cewa ɗan sanda mutumen gari ne da anka ba kaki, amma da kinka gwada sai sauran shef-shef sunka ce kina zubda girman galo, wato alamar muƙami da ake liƙa ma kaki, wannan ba al'adarmu ba ce, abin Turawa ne, balle ga mace. Shi ne kike tambaya ko da gaske kin saɓa ma al'ada.

To ni dariya ta hwara kama ni. Wace al'adar? Tsawa da zare ido da hana na ƙasa buɗe baki, wanga ba gadon Katsinawan Maradi ba ne, gadon kumandan ne. Kakanninki sun ga zamanin da Bature guda ka zamna a biro, gardi da bulala na bakin ƙohwa, a ɗebi mutane aikin dole ba mai cewa don mi, sai 1946 anka soke aikin dolen. Bature ya tahi a 1960 ya bar muna kujera da salon zama bisanta, mu kuma munka ɗauka munka rungume har yaranmu na ce mishi gargajiya. Na sa kaki shekara talatin da ɗoriya, na san abin da nike hwaɗi.

Bari in ba ki ta gidan sarki tunda can ne tushen abin. Lokacin da Haɓen Katsina sunka baro birni bayan jihadi sunka zo sunka kahwa Maradi da Ɗan Kasawa, ba sarki kaɗai ka riƙe da ƙasa ba. Akwai rukuni, mutum huɗu, Galadima da Ƙaura da Durɓi da Ƴandaka, su ka zaɓen sarki cikin ƴaƴan sarauta, kuma sarkin da ya bar hanya suna da bakin da za su tsai da shi, yaƙi ma ba a hita sai an zamna da su. Haka abin yake har zamanin Ɗan Baskore da ya yi mulki wajen 1854 zuwa 1875. Yanzu ki lura da kyau, Ƙaura shi ne shugaban yaƙi, kuma sarautar ba ta ɗan sarki ba ce, ta ɓangaren bayin sarki take, amma ranar da anka hita daga, ɗan sarki da doki da lihidi bayan Ƙaura yake bi, in ya ce a ja da baya a ja, in ya ce a afka a afka. Galadima kuwa da ka riƙe da sha'anin cikin gari baba ne, wato dandaƙaƙƙe, wanda ko ɗa ba ya bari. Ke nan tun can mutanenmu sun raba asali daban, kujera daban. Ba wanda ya ce ɗan sarki ya zubda girmansa don ya bi umurnin Ƙaura, kuma da an dawo gida Ƙauran nan shi ka zuwa ya hwaɗi gaisuwa a fada.

Zancen ke mace ce kuma, su je su tambayi wace ce Iya a Maradi, wace ce Inna a Tibiri. Mace ce ta gidan sarauta mai nata gida da nata mutane, mata da ƴan bori duk ƙarƙashinta suke, maza na zuwa gabanta da ƙara. Ban ce miki komi na wancan zamani abin koyi ne ba, malamai sun yi magana bisa bori kuma mun ji, abin da nike nuna miki shi ne mace bisa kujerar hukunci ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Sarauniya Mangu ta Lugu ma da ta tari sojan Turawan Faransa Vule da Shanuwan a 1899 ai ba wani ya ara mata rawani ba.

Amma kar ki ji na hwaɗi haka ki ɗauka al'ada ta ce shugaba ya zama abokin wasan kowa. A'a. Nan ne nike ganin masu horon naku sun ba ku rabin karatu. Sarki na shawara amma ba ya cin tuwo a bainar jama'a, ba ya hwaɗa da bakinsa a kasuwa, in zai ja kunnen babba sai ya aika wanda ya dace ko ya kira shi cikin zaure su biyu. Akwai kusanci akwai kuma ƴar tazara, duka biyun ake riƙewa. Shawara kahin a yanke magana ake yin ta, in an yanke an gama. Aikinku aikin rai ne, ranar da kunka hita sintiri cikin dare wajen Madarunfa ko hanyar Ɗan Isa, ba lokacin kowa ya kawo ra'ayinsa ba ne, in kin ce a tsaya a tsaya. Wanda kinka saurara da rana shi ka bin ki da dare ba gardama, wanga na gani da idona ba sau guda ba.

Ina ƙaramin ɗan sanda an taɓa kawo muna wani shef, ba ni hwaɗin sunansa ko garin, ya riga mu gidan gaskiya Allah shi jiƙan shi. Mutumen nan in ya shigo ko tari ba a yi. Wata rana na zo in gaya mishi wani mai shayi na tasha ya raɗa mini cewa akwai baƙin huska da ka kwana cikin wani kango kwana ukku suna tambayar gidan wani ɗan kasuwa, ban ƙare ba ya daka mini tsawa gaban wani da munka kamo, wai wa ya ba ni iznin magana, mai shayi ne zai koya mishi aiki, ya sa ni tsayuwa cikin rana tun hantsi har azahar. To daga ranar duk abin da munka ji sai mu haɗiye, mu bakwai a wurin ba mai kai mishi komi sai abin da ya tambaya, shi kuma bai san abin da zai tambaya ba. An shiga gidan ɗan kasuwar nan cikin satin. Har yau abin na ci mini rai, don ni ma ina da laihi, da na bi ta wata hanya na kai maganar gaba, amma hushi da ƙuruciya sunka hana. Rapor ɗin da ya aika sama kuwa tsab, ba abin da ya nuna an taɓa jin ƙishin-ƙishin.

Wanda ya canje shi ɗan ƙanƙanen mutum ne ba shi da murya ma, in za a yi taron sahe sai ya hwara tambayar mafi ƙanƙanta a cikinmu mi ka gani jiya, sannan ya hau sama har ya kai ga manya, na tambaye shi dalili bayan mun saba ya ce in babba ya riga ya yi magana yaro ba ya ƙara cewa komi sai haka ne. Ki riƙe wannan dabara, kyauta na ba ki. Kuma mutumen nan in ka yi laihi ba ya ɗaga maka ƙahwa, takarda zai rubuta maka ba ko tsawa, mun hi jin tsoron shirunsa bisa ihun wancan.

Mutane na yawan kawo zamanin Seyni Kunce in ana zancen horo, cewa tun da ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974 ma'aikaci ba ya makara don shugaban ƙasa na iya diro ma biro ba sanarwa. Gaskiya ne, mun yi aiki lokacin, an ji tsoro ƙwarai. Amma ni abin da na lura, da ya rasu a 1987 abin da tsoro kaɗai ya riƙe bai daɗe ba ya saki, abin da ya yi saura shi ne irin azuzuwan lakwal da samariya, ƙungiyar samarin gari, ta gina da hannunta, don can sarkin samari ba ya da bulala ba ya da kaso, in bai iya da mutane ba ranar gayya shi kaɗai zai tsaya da kwandonsa. Wanga ma shugabanci ne na gargajiya, irin na sarkin noma da sarkin makera da sarkin pawa, wanda sai ka hi kowa iya aikin da haƙuri da mutane kahin a bi ka. Galo ana liƙa shi rana guda, wancan kuwa sai an shekara ana kallon ka.

Yanzu ga maganar dattijon. Cikin kaki, cikin komisariya, kar ki durƙusa mishi, kuma kar ki hana shi sara miki. Ba ke yake sara ma ba, kujerar ce, kuma shi tsohon ma'aikaci ne ya hi ki sanin haka, in kinka hana shi kin kunyata shi gaban yara kamar kin ce ya tsufa da aikin. Ki amsa mishi yadda doka ta ce, sannan ki bi da gaisuwar Hausa, Baba ina kwana, ya iyali, ya ƙahwar, da muryar ɗiya ba ta shef ba. Kar ki kira sunansa gatsau, kar ki aike shi sayen kati ko ɗauko miki ruwa ko da kuwa shi ne kusa, akwai yara. In ya yi kuskure, kuma zai yi, ki bari a watse ki kira shi biro ki rufe ƙohwa ki ba shi kujera, ki hwaɗi abin da ya faru ba kwana-kwana. In abin ya kai na rubutawa ki rubuta, goron suna ba ya goge laihin aiki, shi ma in mutumen kirki ne ba zai so a ce ɗiyar abokinsa na rufa mishi ba. Ranar juma'a ko wata hidima kuma ki tuɓe kakin ki sa zanenki da mayafi ki tahi gidansa ki durƙusa har ƙasa ki gaishe shi da matarsa, durƙusa ma wada ba gajiyawa ba ne balle wanda ya girme ki da shekara talatin. Da kin yi haka sau biyu sau ukku za ki ga shi da kansa ya zama garkuwarki, duk yaron da ya so ya raina ki shi zai taka mishi burki tun ba ki ji ba. Kuma mutumen nan ya san kowane lungu na Maradi daga unguwar Mokoyo har unguwar Zariya, ya san wane mai unguwa ka gaskiya wane ka rufa ma ɓarayi, wanga ba a lakwal ɗin ƴan sanda ta Yamai ake koyon shi ba.

Kin san halin da yankinmu ke ciki, tun wajen 2019 da mutane sunka yi ta kwararowa daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa ƙasar Gidan Runji, ga satar shanu da ɗaukar mutane a ƙauyukan bakin iyaka. Labarin da ka tsai da irin wanga ba daga biro yake hitowa ba, daga bakin ɗan kabu-kabu yake, da mai shayi, da samarin da ka kwana a fada suna dahwa shayi, da matan da ka zuwa asibiti awo. Su kuma ba komisar suke gaya ma ba, ƙaramin ɗan sandan da sunka saba da shi suke raɗa ma. In shi yaron na tsoron buɗe baki gabanki to maganar ta mutu a aljihunsa kamar yadda tawa ta mutu. Nan ma kina da abin da mazan ba su da shi, akwai maganar da mace ba ta taɓa hwaɗa ma namiji mai kaki, ke za ta hwaɗa miki.

Inda za ki sha wuya ba wajen gaisuwa ba ne, wajen kuɗi ne. Kin san na goro da ake karɓa a shinge, ɗari biyar ɗin mai moto da jikar direba, kin kuma san ba a aljihun yaron kaɗai take tsayawa ba. Shugaban da ya ce shi ba ya ci, ya kuma hana a ci da sunansa, shi ne ainihin wanda ya saɓa ma abin da anka saba, kuma ba za a ce miki don kuɗi ake jin haushinki ba, cewa za a yi ba ki san aiki ba, kin cika sanyi, mace ce. Tun zamaninmu in ma'aikaci ya dami manya sai ka ji ana yi mishi barazana da Bilma ko Ngigmi. Ban ce ki tashi da yaƙi rana guda ba, ke kaɗai ba ki gyara abin da ya girme ki, amma naki hannun ki tsare shi, kuma duk umurnin da anka ba ki da baki wanda zuciyarki ba ta kwanta da shi ba ki nemi a rubuto miki cikin ladabi. Sau da yawa daga nan maganar ka mutuwa. Sauran shef ɗin kuma kar ki yi musu wa'azi a taro, kar ki nuna kin hi su karatu, ki gaishe su ki yi aikinki, babba juji ne ke ma yanzu kin shiga layin da za a zubo miki.

Abu guda da ban yarda da masu horonku ba, zancen cin abinci kwano guda da yara kullum. Ranar salla ko in an kwana wurin aiki ba laihi, ki sa hannu ki ci loma biyu ki tashi ki ba su wuri, su ma suna da hirar da ba su so ki ji, ki bar su su yi gulmarki su huce.

Na ji an ce matar dattijon ba ta jin daɗi tun watan jiya, ki hwara da nan, ki riƙa ɗan sukari da sabulu, kar ki je da motar aiki. In kin tashi ki biyo ta gida mu tahi tare, rabona da shi tun zaman makokin babanki. Ki gaida maigidan naki, ki ce mishi har yanzu ina jiran cajar wayar da ya ce zai aiko.