Ko tayi babu, in haƙura ne?

Anti, ina sayar da atamfa da mayafai a Jiji, shafin saye da sayarwa na intanet, daga nan Agege a Legas, wata biyu kenan shiru, sai a ce "nawa ne" a ɓace.

Ƙanwata kar ki haƙura tukuna, dama bayan sallah kasuwar zannuwa sanyi take yi. Amma duba hotunanki, wallahi wasu a ɗaki mai duhu suke ɗauka! Ki ɗauka a hasken rana, ki rubuta farashi har da kuɗin ɗan aike, don mai saye a Idi-Araba kuɗin kawowa ke korarta. Ki dinga sa kayan a sitatus ɗin WhatsApp, matan unguwa sun san ki. Kuma kar ki ƙara saro kaya a kasuwar Balogun sai na hannu sun ragu.