In ƙure gudun furosesata a kan uwar allo mai araha, ko zan ƙona kayana?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a nan Yamai, ina zaune a unguwar Boukoki. Wata takwas na yi ina tarin kuɗi kafin na haɗa kwamfutar wasa: furosesa Ryzen 5 3600, uwar allo B450 mafi araha da na samu, RAM sanda ɗaya mai giga 8, da katin hoto GTX 1650. Fankar da ta zo cikin kwalin furosesar nake aiki da ita. Wasa yana yi mini tsaye-tsaye, kuma na ga a YouTube ana kai irin tawa 4.3 GHz, wai ƙarfi ne na kyauta. In yi, ko in bari?

Amsa:

Wa'alaikumus salam ƙanena. Allah ya sa albarka a wannan tari naka. Allonka zai yarda ka yi, amma ni ban ba ka shawarar yi yanzu ba, kuma ina kyautata zaton tsaye-tsayen da ke damunka ba daga furosesa yake ba.

Ka yi sa'ar zaɓi. A wajen AMD, kamfanin da ya ƙera furosesarka, allunan B350, B450 da B550 duk suna buɗe ƙofar ƙara gudu, A320 da A520 ne aka rufe. Da Intel ka saya, sai ka haɗa furosesa mai harafin K da allo mai harafin Z, irin su Z690, kuma waɗannan ba kayan mai ƙaramin aljihu ba ne.

Abin da ake kira obakulok, wato ƙure gudun furosesa, lissafi ne mai sauƙi. Akwai agogon tushe mai bugun 100 MHz, furosesa tana ninka shi. Ninki 36 ya ba da 3.6 GHz, wanda shi ne gudun tushe na taka, ninki 42 ya ba da 4.2 GHz, iyakar da AMD ta sa mata tun fitowarta a 2019. Abin da masu bidiyo ba su cika faɗa ba shi ne ita da kanta take hawa da sauka tsakanin waɗannan biyun, gwargwadon sanyin da ta samu. Cikin wasa, in ba ta ji zafi ba, tana yawo ne kusa da 4.0 zuwa sama. To daga 4.2 zuwa 4.3 ƙarin bai kai kashi 3 cikin 100 ba, idonka ba zai gane shi ba. Kuɗin da za ka biya kuwa ya fi haka nesa, domin ba ta tsayawa a sabon gudun sai an ƙara mata bolt, zafi kuma yana hawa ne da ninkin bolt sau kansa. Ɗaga ta daga 1.25 zuwa 1.35 kaɗai yana ƙara cin wuta da wajen kashi 17 cikin 100.

Wannan ƙarin wutar ta ina za ta bi? Nan ne araha ke nuna halinta. Kashe kwamfutarka, ka buɗe murfin, ka dubi hagu da saman wurin zaman furosesa. Za ka ga wasu ƴan dunƙulaye masu kusurwa huɗu a jere, kusa da su akwai ƙananan baƙaƙen tiransisto shimfiɗe a jikin allon. Wannan sashen ake kira VRM. Aikinsa karɓar bolt 12 daga akwatin wuta, wanda masu gyara a nan ke ce wa alimantasiyo, ya sauke shi zuwa bolt ɗaya da ɗoriya. Da bolt ya sauka, ampiya sai ta hau: wat 75 a kan bolt 1.25 ampiya 60 ke nan, duk tana ratsa ƴan abubuwan da ba su kai girman farcen yatsa ba. Allo mai tsada yana raba wannan kaya ga layuka takwas, goma ko fiye, ya ɗora musu ƙarfen alminiyo mai shan zafi. Mai araha layi uku ne ko huɗu, sau da yawa tsirara ba ko ƙarfe a kai. In suka yi zafi fiye da ƙima, allon yana kare kansa ta hanyar shaƙe furosesa, gudu ya faɗi ƙasa warwas na ɗan lokaci sannan ya dawo. Ka ga mai neman maganin tsaye-tsaye ya ƙaro wa kansa wani. A gudun kamfani dai kada ka ji tsoro, 3600 mai wat 65 ce, allonka zai ɗauke ta shekaru. Waɗanda nake tausaya wa su ne masu ɗora Ryzen 9 3900X mai ƙwaya 12 a kan irin wannan allo, har su ce za su ƙara mata.

Sai maganar garinmu, wadda ita ce ta fi damuna. Mai bidiyon da ka kalla yana gwajinsa ne a ɗaki mai digiri 21 ko 22. Kai kuma a Afrilu da Mayu Yamai tana wuce digiri 40, ɗaki mai rufin kwano ya riƙe zafin nan har bayan isha'i. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakinka take hurawa. Kowane digiri da ɗaki ya ƙaru, furosesa ma ta ƙaru da kusan ɗaya. Wadda ta nuna 72 a wajensa za ta nuna kusan 90 a wajenka, da kaya iri ɗaya, iyakarta kuwa 95. Ga ƙurar hunturu da ke toshe haƙoran ƙarfen fanka kamar an liƙa auduga. Ƴar fankar Wraith Stealth da kake aiki da ita an yi ta ne daidai gudun kamfani, ba ta da rarar da za ta ba ka.

Ba ka faɗi irin akwatin wutarka ba, kuma shi mutane suka fi matse wa kuɗi. An taɓa kawo mini wata kwamfuta a bazara, mai ita ya ƙure mata gudu ya bar bolt a kan zaɓin allo, ga akwatin wuta marar suna mai sauƙi kamar fanko. Kuran ya ɗauke ya dawo da ƙarfi, daga nan ba ta sake tashi ba. Da na juya bayan allon, wurin VRM ya riga ya canza launi ya yi ruwan ƙasa, alamar ya daɗe yana dahuwa. Har yau ina tuna fuskar yaron, shi ma tari ya yi irin naka. In ba ka da ondiler (mai batirin da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke) ko na'urar daidaita wuta, ita ce gaba da komai.

Yanzu ga inda ƙarfin kyauta yake da gaske a kwamfutarka. Sandar RAM ɗaya tana nufin furosesa na ɗibar bayanai ta hanya ɗaya alhali tana da biyu, giga 8 kuma ta yi wa wasannin yanzu kaɗan. Da ta cika sai Windows ya koma ajiya a faifai, wasan ya tsaya cak na ɗan daƙiƙa. Ka nemo sanda ta biyu irin ta farko sak, in ramuka huɗu ne ka sa su a na biyu da na huɗu daga wajen furosesa. Sannan ka shiga BIOS, shafin saitin uwar allo da ake buɗewa lokacin kunna kwamfuta, ka kunna XMP, saitin da ke kai RAM gudun da aka rubuta mata (Asus na kiransa DOCP, MSI kuma A-XMP). Yawancin sandunan DDR4 da aka rubuta musu 3200 suna tashi ne a 2133 ko 2400 har sai an kunna wannan. Ryzen tana jin daɗinsa ƙwarai, don hanyar da sassanta ke magana da juna tana tafiya ne da gudun RAM, kuma 3200 yana cikin abin da AMD ta amince wa 3600. Wannan bambancin za ka gan shi da idonka.

Ka kuma sauke HWiNFO64, mai nuna zafi da yawan aikin kowane sashe na kwamfuta, kyauta ne, ka bar shi a buɗe kana wasa na minti talatin. In katin hoto yana aiki kashi 97 zuwa 99, shi ne ya kai maƙura, ko ka kai furosesa 5 GHz ba abin da zai canza. GTX 1650 giga 4 gare shi, rage ingancin zanen wasan daga sama zuwa matsakaici ya fi maka komai.

In bayan duk wannan zuciyarka tana so ka koya, ban hana ka ba, ni ma ta nan na fara sanin kwamfuta. Ka bari sai Disamba ko Janairu. Ka busa ƙura, ka sa sabon man shan zafi tsakanin furosesa da fanka, ka sayi fanka mai hasumiya ta milimita 120. Amma lura: ƴar fankarka ta yanzu tana hura iska ƙasa, tana shafar VRM, mai hasumiya kuwa gefe take hurawa, don haka sai ka ɗaura wata ƙarama ta fuskanci tiransistocin. Fara da PBO a BIOS, wanda ke sassauta wa furosesa iyakar wuta ya bar ta tana kula da kanta. In da hannu za ka yi, ka riƙa hawa da 25 ko 50 MHz, kada ka bar bolt a kan zaɓin allo, kuma ni ba na wuce 1.3 a wannan furosesa. Bayan kowane mataki ka gwada da manhajojin da ke matsa wa furosesa aiki, Cinebench, sannan OCCT na awa guda, da ƙarfe uku na rana, ba da asuba ba. Furosesa ta wuce 85, ko VRM ya doshi 90 in allonka na nuna shi, koma baya. In ta ƙi tashi, cire waya daga bango, zare batirin CR2032 na jikin allon na ƴan mintuna, komai zai koma yadda yake. Ka sani kuma AMD ba ta lamunin abin da ya lalace ta wannan hanya, har da PBO.

Da Maris ya kama, ka mayar da ita gudun kamfani. Ka turo mini sunan allon cikakke da na akwatin wutar, da abin da HWiNFO64 ya nuna maka, in duba maka ko VRM ɗin nasa zai jure ko PBO ɗin ma.