Hoto ya fito lafiya, amma ba a koma fili ba

Kawu, barka da warhaka. Kun tambaya me ya sa mu mazauna Ingila muke killace yaro har makonni in ya bugu a ka, alhali asibiti sun ɗauki hoto sun ce ba komai. Har kuka ce ko zama da Turawa ne ya sa mana tsoro. Allah ya ƙara muku lafiya, da dalilinmu.

Hoton CT da ake ɗauka a sashen gaggawa jini da tsagewar ƙashi yake nema. In bai gan su ba, alhamdu lillahi, amma ba ya nuna yadda ƙwaƙwalwa ke cin abincinta. Ita ƙwaƙwalwa nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma kusan kashi 20 na ƙarfin jiki ita ke cinyewa, kuma daga sukarin jini take samunsa. Da an bugu, sinadarai sukan hargitse a cikin ƙwayoyinta, sai su shiga zuƙar sukari ba ji ba gani don su gyara ɓarnar. Daga nan kuma cin ya faɗi ƙasa, ya yi kwanaki ko makonni a haka. Masu bincike a jami'ar UCLA ta Amurka sun ga wannan a jikin majinyata tun 1997 da hoton PET, wanda ake sa wa mutum sukari mai alama a jijiya a bi sawunsa. Daga baya suka gano ƙwaƙwalwa na iya shiga wannan ƙunci ko da jini na isa gare ta yadda ya kamata. Kamar injin da tankinsa ke cike amma ya kasa ƙona man.

Abin da ya fi tsaya mini a rai binciken Italiya ne kan 'yan wasan da suka bugu a ka. Da na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki suka riƙa auna wani sinadari na ƙwaƙwalwa mai suna NAA. 'Yan wasan sun ce sun warke, ciwon kai ya tafi, amma sinadarin bai daidaita ba sai wajen kwana 30. A wannan tsakanin ne bugu na biyu ya fi haɗari.

Shi ya sa tun 2023 ƙa'idar wasannin yara da na unguwa a nan ta ce in ana kokwanton ko bugun ya taɓa ƙwaƙwalwa a fitar da mutum daga fili, kuma ba ya komawa gasa kafin kwana 21. Mu ma a junanmu haka muke yi. Kwana biyun farko a rage masa waya da talabijin, wani babba ya zauna da shi. In ya yi ta amai, ko barci ya rinjaye shi har tashinsa ya yi wuya, ko magana ta karkace, ba ma jiran gari ya waye, asibiti muke komawa. Irin hoton PET ɗin nan kuwa, ko a nan ba kowa ake yi wa ba, galibi na bincike ne.