Yadda za ki nemo tsofaffin rubuce-rubucenki, ki kuma adana su

Malama, kin ce kin yi shekaru kina rubuta al'amuran rayuwarki na yau da kullum a Google Docs, yanzu kuma nemo tsohon rubutu yana ba ki wahala, ga fargabar kada wata rana komai ya salwanta.

Wajen bincike a Google Drive, ma'ajiyar da rubuce-rubucen Docs suke zama, abin da ya fi tauye mu masu rubutu da Hausa shi ne haruffa masu lanƙwasa. Idan kin rubuta "ƙauye" da wata waya, "kauye" da wata, to ki gwada neman kowanne dabam. Ki sanya jimlar da kike tunawa cikin alamar zance, sannan ki taƙaita lokaci da before: (kafin) ko after: (bayan) tare da kwanan wata, misali before:2020-01-01.

Adanawa ita ce ta fi damuna. Ki shiga Google Takeout, shafin da ake sauke kwafin bayanan da ke asusun Google, ki zaɓi Drive, za a haɗa miki komai cikin ƙunshin zip, wato fayil mai ɗauke da fayiloli da yawa a matse. Sai dai ki sauke shi da wuri, domin damar saukewar tana ƙarewa bayan kimanin mako guda. A nan Damagaram gara ki yi da dare, lokacin da intanet ta fi sauri. Ki buɗe ƙunshin ki tabbatar yana karantuwa, ki ajiye kwafi a kwamfuta da kuma USB, nesa da zafi da ƙura.

Kada ki yi watsi da asusunki na Google, domin tun Disamba 2023 Google na iya goge wanda ya shekara 2 ba a taɓa shi ba. Idan USB ya lalace, ki daina rubuta komai a kansa, ki kai wa amintaccen masanin kwamfuta, tunda sirrinki ne a ciki.