Amsar tambayarki kan awon haidurojel

'Yata, saƙonki ya iso, Allah ya yi miki albarka. Kin tambaya ko tsane haidurojel (abu mai laushi da ke shan ruwa mai yawa ya riƙe shi) da takardar tacewa kafin a ɗora shi a sikeli, da ware samfura daban don kowane zango, wato kowane lokacin da aka tsayar don yin awo, al'ada ce kawai da kuka tarar a ɗakin gwaji. Al'ada ce, amma magabata ba su kafa ta a banza ba.

Awon kumburi ba shi da wuya. Ki daskarar da samfurin, na'ura ta zuƙe ruwansa, ki auna. Sai ki jiƙa shi cikin ruwan gishirin fosfet mai pH (ma'aunin tsami) 7.4 a zafin digiri 37, yanayin jikin ɗan Adam ke nan. Ki riƙa fitarwa kina aunawa har nauyin ya tsaya. Ki debe nauyin busasshe daga na jiƙaƙƙe, ki raba da na busasshen. Aikin takardar shi ne ɗauke ruwan da ya maƙale a waje. Taɓawa ake yi a hankali, domin in kika danna kin matse ruwan da kike nema. Mutum ɗaya ya riƙa yi, kuma samfura uku aƙalla.

Wajen awon lalacewar haidurojel nake so ki natsu sosai. Ƙulle-ƙullen da ke tsakanin zaren folima, wato dogayen sarƙoƙin sinadarin da suka yi masa raga, su ke riƙe da haidurojel, kuma tun 1943 masana kimiyya Flory da Rehner suka nuna cewa yawansu ke taƙaita kumburi. Idan suka fara tsinkewa ragar takan saki, ta ƙara shan ruwa. Sai ki ga nauyi na hawa alhali abin zaizayewa yake yi. Ni kaina na taɓa shafe makonni ina rubuta nauyin jiƙaƙƙe, aikin duka ya tashi a banza, har yau yana damuna. Shi ya sa kowane zango ake ciro nasa samfuran, a ɗauraye su da tataccen ruwa don kada gishiri ya ƙara musu nauyi, a busar, a gwada da nauyin farko.

In da enzayim kike aiki, wato sinadarin da ke tsinka zaren folima, kamar kolajines ga haidurojel ɗin jelatin ko laisozayim ga na kaitosan, ki riƙa sabunta ruwan duk kwana biyu ko uku, saboda ƙarfinsa yana raguwa. In kuwa haidurojel ɗin na folimar aljinet ne da aka ƙulla da kalsiyam, ruwan fosfet ɗin da kansa yana janye kalsiyam, ya narkar miki da shi ko ba enzayim.

Ki turo mini alƙaluman makonki na farko in duba.

Baffanki